Malamin Italiya da Na Zama Bakinsa

Shekarun baya, tun gemun nan nawa bai koma kamar na faɗa kwandon gari ba, an taɓa sauke mini wani baƙo wanda har yau ban gama sallamarsa a zuciyata ba. Kun san ni da surutu da ƙarin gishiri, na kuma san wasunku tun yanzu sun gyara zama suna jiran ƙarya. To ku jira, za ku samu 'yar kaɗan, don miyata ba ta daɗi babu ita. Amma ƙashin labarin gaskiya ne.

Garinmu ƙaramin gari ne mai ganuwa, a kan hanyar da ta tashi daga Birnin Kudu ta nufi Gwaram. Sana'ata dillancin hatsi, gidanmu kuma masaukin fatake ne tun zamanin mahaifina. Wata rana a farkon damina ayari ya sauka daga gabas, zai wuce Kano. Madugun ya ja ni gefe ya ce yana da kaya ɗaya da ba zai iya wucewa da shi ba, ko zan ajiye masa. Na ce in kanwa ce ko gishiri a shigo da shi. Ya ce a'a, wannan kayan tari yake yi.

Sai ga shi an sauko da mutum daga kan jaki. Jama'a, ja ne jawur kamar an fere shi. Hancinsa kuwa sai da ya shiga zaure ya gaisa da kowa ya nemi wuri ya zauna, sannan sauran jikin ya iso. Tsoho ne, ƙashi da fata, ga zazzaɓi, ga tsutsar kurkunu ta leƙo a idon sawunsa. Mahaifiyata ta fito ta gan shi ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Wa ya ƙona bawan Allah haka?"

Na ce, "Inna, ba ƙuna ba ce, haka aka halicce shi. Nasara ne."

Ta ce, "To ko ma yaya aka halicce shi, yunwa ce a fuskarsa. Matsa in dama masa kunu."

Da zazzaɓin ya sauka sai muka gano muna iya jin juna. Ya koyi Larabci a Tarabulus, ya tsinci Hausa a bakin fatake a doguwar hanya. Ni kuma ina da ɗan Larabcin kasuwa da na kwaso a Kano wajen masu sayen fata, irin wanda in liman ya ji sai ya nemi tsari. Muka haɗa gurgun harshensa da gurgun nawa, suka dafa juna suka tashi.

Ya ce sunan ƙasarsu Italiya, tana hayin babban ruwan gishiri, bayan Tarabulus. Na tambaye shi me yake sayarwa, ya ce ba komai. Me yake saye? Ba komai. Na ce to Malam, me ya raba ka da gidanku har ka zo kana ba tsutsa masauki a ƙafa? Ya ce shi malami ne, kuma fanninsa shi ne yadda dukiya ke yawo a tsakanin mutane: abin da ke sa hatsi tsada, abin da haraji ke yi wa gari, dalilin da ke sa wata ƙasa ta ƙoshi maƙwabciyarta tana kwana da yunwa. Na dube shi sama da ƙasa, na dubi jakarsa ƙwaya ɗaya da takalminsa da ya buɗe baki yana hamma, na ce, "Malam, wannan ilimin naka dai bai san hanyar gidanka ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Daga ranar muka zama abokai.

Wanda ya taɓa jinyar kurkunu ya san aikin haƙuri ne. Kullum da safe sai in zauna in naɗe ɗan abin da ya fito a jikin tsinke, a hankali, don in tsutsar ta tsinke a ciki an shiga uku. Tasa kuwa, da za a miƙe ta, na tabbata za ta je Gwaram ta gaida mutane ta dawo. A wannan zaman ne, ƙafarsa a kan cinyata, ya riƙa ba ni labarin rayuwarsa gutsure-gutsure.

Mahaifinsa mai sayar da man zaitun ne, ya so ya gaje shi. Shi kuwa yaron, maimakon ya auna wa mutane mai, sai ya tsare su da tambayar me ya sa bana ya fi bara tsada. Aka gaji da shi aka kai shi makaranta. Ya ce makarantun manya a can gidaje ne na dutse, ɗalibai masu gemu su cika ɗaki a jere, malami ya hau wani wuri mai tudu ya tsaya yana magana. Ba kowa ke hawa ba. Sai ka tsaya gaban tsofaffin malamai sun yi maka ruwan tambayoyi, in ka fita da ranka a ba ka kujerar wannan fannin ta zama taka. Shi ya samu tasa tun kansa baƙi ƙirin. Ya rubuta littattafai, aka buga su da ƙarfe aka kai garuruwa. Ya ce akwai lokacin da ɗakin ke cika har wasu su ɗare taga.

Sai dai kujerar nan a hannun masu mulki take. Ƙasar tasu a lokacin a rarrabe take, kowane birni da mai shi, kowa da ƙofarsa. Aka yi wata shekarar ƙarancin abinci, mai mulkin birninsu ya hana a fitar da alkama, shi kuma malamin nan ya hau tudunsa ya gaya wa ɗalibai cewa dokar ƙara yunwa za ta yi. Aka aiko masa ya janye maganar, ya ƙi. Aka karɓe kujerar aka ba wani ɗalibinsa, wanda ya fi so duk a cikinsu, wanda kuma ya iya kama bakinsa. Ya koma wani birni ya sake samun kujera da ƙyar, bakinsa ya sake ja masa. A birni na gaba ko kujerar ba a nuna masa ba, 'ya'yan attajirai yake koya wa lissafi a gidajensu don ya ci abinci. A can matarsa ta rasu. Da ya ga tsufa ya kama shi, sai ya ce bari ya je ya ga kasuwar Kano da Larabawa ke ba da labari, ko ya samu abin rubuta littafi na ƙarshe.

Na ce, "Wato kai duk inda ka sauka sai an kore ka."

Ya ce, "Haka ne."

Na ce, "To kwantar da hankalinka, a nan ba mai korarka. Ko an kore ka ma ƙafar ba za ta yarda ba."

Wata safiya na tambaye shi abin da ya fi kewa. Na zaci zai ce abincin ƙasarsu, don in kun ga yadda yake haɗiyar tuwo da miyar kuka za ku rantse alƙali ne ya yanke masa. Sai ya ce fuskokin mutane yake kewa, daidai lokacin da suka gane abu. Ya ce a duk rayuwarsa ɗalibai sun saurare shi, amma bai taɓa samun mai mulki ko ɗaya da ya zauna ya ji maganarsa har ƙarshe ba. Yana son ya ga haka sau ɗaya kafin ya mutu, ko da ba a yi aiki da ita ba. Na ce Allah ya nuna masa, na ci gaba da naɗe tsutsa.

Damina ta yi nisa, sai labari marar daɗi ya fara zuwa. Fara ta sauka a ƙasar Gwaram, ta bi gonakin garin Basirka ta aske su tas. Mu kuwa Allah ya tsare mu, geronmu ya yi kai kamar taɓarya. Tun ba a gama yanka ba mutanen can suka fara isowa da jakai, mangala babu komai a ciki, mudu ya soma tashi. Dattawan garinmu suka tsorata. Aka fara cewa mai gari zai sa a rufe ƙofa ga hatsi, ko zangarniya ɗaya kada ta fita.

Ni a matsayin gulma na kai wa baƙona zancen. Mutumin da sai na tallafe shi yake shan kunu, sai ga shi zaune tsaf, idanu kamar an hura garwashi. Ya ce in miƙo masa gyaɗa. Ya share ƙasa da hannu, ya zana da'ira ya ce ga garinmu, ya zuba gyaɗa a ciki, ya fara.

Ya ce rufe ƙofa ba zai ƙara wa garin ƙwayar hatsi ɗaya ba. Abin da zai faru, mai rumbu zai ga an karya masa daraja, sai ya liƙe rumbunsa ya ce babu, hatsin ya ɓace daga kasuwa alhali yana cikin gari. Wanda ya matsu ya sayar kuma zai san yadda zai bi da shi ta bayan ganuwa. Baɗi manomi ba zai wahalar da kansa ya sari sabuwar gona ba, tunda ya ga ranar da hatsi ya yi daraja an ɗaure masa hannu. Mutanen Basirka kuwa ba za su manta ba, kuma fara ba ta yi wa kowa alkawari ba.

Na ce, "Malam, duk na ji. Talakan garinmu fa, wanda ba zai iya takara da baƙi a bakin mudu ba?"

Ya nuna ni da yatsa yana murna kamar na ba shi doki. Ya ce wannan ita ce tambayar. Ya ware 'yar gyaɗa gefe ya ce ai kuna da zakka. A tara ta wuri ɗaya da sunan marasa ƙarfi, a ciyar da su kai tsaye, a bar ƙofa a buɗe. Ni da na tsufa a bakin mudu, duk abubuwan nan ina ganinsu ɗaya-ɗaya, ban taɓa ganin an zura su a zare ɗaya ba sai ranar. Ya kalli fuskata ya yi murmushi. Sannan ya kama hannuna ya ce, "Ka kai ni wurin mai gari."

To a nan ne sai na yi muku bayanin abin da shi bai sani ba, ni kuma na sani amma ban auna ba. Baƙo ba ya zuwa gaban mai gari ya yi magana da bakinsa, sai da ɗan gari da zai tsaya masa, balle baƙon da Hausarsa ta isa sayen ƙosai amma ba ta isa gardama ba. Mai garin kuwa taubashina ne, mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce. Tun muna yawo ba wando muke wasa. Shi yana cewa ni bawansa ne, ni ina cewa shi bawana ne, kuma har yau ba a raba gardamar ba. Rawani bai canza komai ba. Ni kaɗai ne a garin nan nake shiga zaurensa ba sallama, in fizge goro daga hannunsa, in ce rawanin ya fi kan girma. Sai na ga ai wannan gata ne. Wa ya fi ni samun kunnensa?

Da na gaya wa mahaifiyata, ta dakata da tankaɗe ta dube ni.

"Kai za ka tsaya masa?"

Na ce, "Wa kuma? Ni kaɗai nake jin maganarsa."

Ta ce, "Kai da ɗan yayana, tun da aka haife ku kun taɓa yin magana ɗaya ta hankali?"

Na yi dariya na ce yau za a fara.

Ranar da aka sa, baƙona ya tashi tun da sassafe ya sa na kira masa wanzami. Ya buɗe jakarsa ya zaro wata baƙar riga daga can ƙasa, a ninke, duk ta yi ƙanshin raƙumi. Ya ce da ita yake hawa tudun makaranta. Ta yi masa yawa yanzu, kamar an rataye ta a jikin kara. Muka ɗora shi a jaki muka nufi ƙofar gidan mai gari da hantsi. Dattawa na zaune a inuwar durumi, labari kuma ya riga mu isa, don haka rabin gari ya taru, har da waɗanda rabonsu da fita tun bara. Aka shimfiɗa masa buzu, ya ce a'a, a ƙasarsu malami a tsaye yake karantarwa. Ya dogara sanda, ya ɗage ƙafar mai ciwo, ya tsaya.

Ban ko buɗe baki ba taubashina ya riga ni.

"A'a, bawana! Yau kuma me ka sato? Ina ka samo ɗan'uwanka? Ga hanci iri ɗaya!"

Aka bushe da dariya. A kowace rana da tuni na rama, don amsar tana bakina, har ƙaiƙayi take yi mini. Na haɗiye ta. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, baƙona malami ne, yana da magana a kan hatsi."

Jama'a, a rayuwata ban taɓa ce wa mutumin nan ranka ya daɗe ba. Sai wurin ya fashe da dariya. Wani tsoho ya kife daga kan tabarmarsa yana riƙe ciki. Ana cewa, "Ku dubi fuskarsa! Wallahi ko gezau! Yau ya zo da sabuwa!" Iya ɗaure fuskata iya ƙaruwar dariyar, don kowa ya ɗauka ɗaurewar ita ce wasan.

Baƙona ya jira aka lafa, ya gyara murya ya fara. Muryar da ban taɓa jin yana da ita ba, mai kauri, a natse. Ya faɗi jimla, na juya ta Hausa yadda ya faɗa, ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba.

Na ce, "Ya ce hatsin da aka kulle a gari ba ya ƙaruwa, ɓuya yake yi."

Mai gari ya ce, "A rumbun wa? Ku je ku duba ɗakin bawana, na san can ya fara ɓuya."

Dariya.

Na ce, "Ya ce in aka hana manomi sayarwa bana, baɗi ba zai ƙara gona ba."

"Kun ji mai maganar gona! Rabonsa da fartanya tun ranar da ya sare yatsan kansa ya ce maciji ne."

Dariya, har da tafi. Kuma gaskiya ne, an yi haka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah ka bari ya kai ƙarshe."

Ya juya wajen dattawa ya ce, "Kun ga dillali? Ya ga la'ada za ta tsere masa, ya je har bayan ruwan gishiri ya yi hayar mai jan kunne ya zo ya yi masa kuka."

Wannan ita ta gama da mu. Ba wanda ya ƙara jin komai. Baƙona ya ci gaba da magana kaɗan, ya kai wajen zancen zakka, ina fassarawa da ƙarfi ina share gumi, amma kamar ina magana a tsakiyar kasuwar awaki. Sai ya dakata. Ya bi fuskokin mutane da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya sunkuyo ya tambaye ni a hankali, "Me ka gaya musu?"

Na ce, "Abin da ka ce."

Ya jinjina kai. Ya ɗan rusuna wa mai gari ya ce da Hausarsa, "Na gode." Ita ma aka yi mata dariya. Muka ɗora shi a jaki muka koma gida, yara na bin mu suna kwaikwayon tsayuwarsa da ƙafa ɗaya. Washegari aka yi shela, aka rufe ƙofa ga hatsi.

Na yi iya ƙoƙarina in fahimtar da shi. Na ce ba shi aka yi wa dariya ba, ni aka yi wa. Na ba shi labarin taubasai, yadda ɗan mace da ɗan namiji ba sa haɗuwa sai da tsiya, ko a gidan biki ko a gidan makoki. Da yake malami ne har abin ya ɗan ja hankalinsa, ya yi mini tambayoyi biyu-uku. Sannan ya ninke baƙar rigarsa ya mayar ƙasan jaka. Ya ce bai ga laifina ba. Ya ce, "Abokina, a ƙasarmu da suka kore ni na ji zafi ƙwarai. Amma yau na gane karramawa ce. Sai da suka saurara kafin su ji haushi."



Ba a jima ba tsutsar ta ƙarasa fita, ramin ya kame. Ayari ya zo zai wuce Kano, ya ce zai bi su. Na roƙe shi ya ƙara kwanaki, ya ce ya zauna ya isa. Mahaifiyata ta ɗaure masa dakuwa da ƙuli-ƙuli tana ta faɗa, wai wa zai kula da shi a hanya, mutum kamar tsinken tsire. Ya durƙusa mata da ƙyar ya ce, "Inna, na gode," ta juya baya tana goge ido da gefen zane. Na raka shi har bayan gari. Ko waiwaye bai yi wa ganuwar ba.

Kasuwa ta zagayo bayan tafiyarsa, na je na tarar da abin da ya zana mini da gyaɗa. Rumfunan hatsi fayau, kowa ka tambaya sai ya ce ai bana sai godiya, ɗan na tuwo ne kawai. Da la'asar ina zaune a ɗakin mahaifiyata sai muka ji sallama. Taubashina ne, shi kaɗai, babu ko mai riƙe masa takalmi, wai ya zo gaida gwaggonsa. Ya zauna a bakin ƙofa, suka gaisa, ya yi ta juya goro a hannu bai ɓare ba. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ina malamin naka?"

Na ce, "Ya tafi."

Ya ɗago. "Ya tafi ina?"

"Kano. Ko gaba da Kano."

Ya ajiye goron. Sannan ya ce, "Maimaita mini abin da ya faɗa, daga farko. Kada ka sa mini gishiri."

Na nemi gyaɗa a wurin Inna, na share ƙasa, na zana da'ira. Na yi masa karatun nan kaf. Bai katse ni da wasa ko sau ɗaya ba. Inda bai yarda ba ya ce bai yarda ba, ya kawo zancen mahara da ke saukowa daga duwatsu, ya ce garin da rumbunsa ya ƙare ba ya iya zaman kulle a cikin ganuwa. Na faɗi abin da na san malamin zai ce, inda ban sani ba na ce ban sani ba. Da muka zo kan zakka ya sa na maimaita. Ya ce tun ranar nan guntun abin da ya tsinta a cikin hayaniyar yake ta yi masa yawo a ka.

Na ce, "To don me ka yi mana haka?"

Sai ya taso mini da faɗa. "Ni na yi muku? Kai wa ya ce ka tsaya da kanka? A gaban dattawa, a gaban gari, kai ka tsaya, yaya kake so in yi? In na ɗaure fuska na saurare ka, gobe a ce bawansa ya juya shi kamar waina. In ka jefo ban rama ba, a ce ka kayar da ni. Ni ma sai da muka yi nisa na gane da gaske kake, lokacin kuwa ba hanyar komawa. Da liman ka turo, ko makahon bakin ƙofa, wallahi da na ji shi har ƙarshe."

Mahaifiyata ta ce, "Ku biyun nan, da gemunku da komai, kun haɗu kun kunyata tsoho a garin da ba shi da kowa. Ku tashi ku ba ni wuri."

Muka fito sumui-sumui kamar yaran da aka kama a rumbun gyaɗa.

Kafin kasuwa ta gaba aka sake shela. Aka tara zakkar gari a rumbuna biyu na ƙofar gidan liman da sunan marasa ƙarfi, aka buɗe ƙofa ranar kasuwa. Jakan Basirka suka shigo wayam suka fita da kaya. Hatsin da aka rantse babu shi ya fito daga ɗakuna, har da na waɗanda suka fi kowa rantsuwa. Ba zan ce muku kowa ya ji daɗi ba. Mudu ya yi tsada a shekarar, akwai gidajen da suka sha wuya, kuma har gobe akwai dattijon da in an tayar da zancen zai ce kuskure aka yi. Ni dillali ne, bakina ba shaida ba ne a wannan shari'ar. Abin da na sani kawai, mai mulki ya zauna ya ji karatun mutumin nan har ƙarshe, ya yi gardama da shi, ya kuma yi aiki da shi.

Da aka gama kaka na tafi Kano da kaina. Na bi unguwar Larabawa gida-gida ina tambayar tsoho ja mai ɗingishi. Wani mai masauki ya ce ya sauka a wurinsa, bai cika fita ba, kasuwar ma da ya zo dominta sau ɗaya ya leƙa ta, sannan ya bi ayarin raƙuma ya yi arewa. Daga nan duk madugun da ya kwana a gidana sai na ba shi saƙo. Wani ya dawo ya ce an gan shi a wata rijiya a tsakiyar hamada, wani ya ce ya ji an binne wani Nasara a hanya, wani ya karɓi gorona ya ce zai tambaya. Ba wanda ya taɓa dawowa ya ce mini ya isar.

Ni da taubashina muna nan muna tsiyarmu, jiya ma ya ce da ni ɓarawon mudu a gaban surukaina. Ban daina wasa ba, ba na jin zan iya. Sai dai tun daga lokacin, in baƙo ya ce in tsaya masa a gaban wani, nakan tsaya in duba ko bakina zai iya ɗaukar kayan, in ba zai iya ba in kama hannunsa in kai shi wurin wanda ba a saba yi wa dariya ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, mutumin nan ya bar kujera, ya bar ƙasa, ya ƙetare ruwa da rairayi yana neman abu ɗaya, abin kuma ya tabbata a wani ƙaramin gari da ko sunansa ba ya iya faɗa daidai. Kowa a garin ya san haka, har yaran da suka bi shi suna ɗingishi. Shi kaɗai ne bai sani ba.

Na san da wuya a ce yana raye. Amma in akwai mai niyyar Tarabulus a cikinku, ko mai wucewa gaba da nan, in Allah ya haɗa ka da wani tsoho ja, mai dogon hanci, mai tabo a idon sawu, kada ka tsaya dogon bayani. Ka ɗaure fuska, don Allah kada ka yi murmushi, ka ce masa an buɗe ƙofar.